Daga Jan Biro Zuwa Kwamfuta: Yadda Aikin Malamin Jami'a Ya Sauya a Ɗakin Jarrabawa

A jami'o'in Najeriya da dama a yau, ɗalibin aji ɗaya kan kammala kwasa-kwasan gama-gari ba tare da malamin da ya koyar da shi ya taɓa ganin rubutun hannunsa ba. Ranar jarrabawa zai tafi cibiyar kwamfuta da katinsa na shaida, ya bi layi, ya zauna gaban na'ura na tsawon minti talatin ko arba'in, ya danna A ko B ko C ko D, ya tashi ya ba wani wuri. Kafin ya kai ɗakin kwanansa makinsa ya riga ya shiga rumbu. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1980 da 1990 wani tsari suka sani dabam: ɗan littafin amsa, da ƙarin takarda da ake ɗaurewa da zare, da malamin da zai kinkimi damin takardu zuwa gida ya yi makonni yana bin su da jan biro.

Galibi ana kallon wannan sauyi a matsayin hutu ga malami, wai na'ura ta ɗauke masa wahalar maki. Tarihin abin ya nuna cewa wuri kawai wahalar ta canja. A da malami yakan yanke hukunci ne bayan jarrabawa, yana karanta amsa yana auna ta. A tsarin kwamfuta kuwa hukuncin ya yanku tun ranar da ya zauna ya tsara tambaya, ya kuma ware amsar da na'ura za ta ɗauka daidai. Idan ya yi kuskure a wannan rana, kuskuren zai hau kan dubban ɗalibai lokaci guda, kuma babu mai karanta takarda balle ya lura. Yadda aka zo nan labari ne na fiye da shekara ɗari, wanda ya faro daga makarantun Amurka kafin ya iso jami'o'in Najeriya.

Takarda ɗaya, maki iri-iri

A shekarar 1912 wasu malamai biyu na Jami'ar Wisconsin, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun amsa biyu na ɗaliban sakandare a darasin Ingilishi, suka yi kwafinsu da yawa, suka aika wa makarantu domin malaman darasin su ba su maki. Malamai 142 suka amsa. Takarda guda ta samu maki daga 64 zuwa 98, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. Aka ce ai sha'anin harshe ne, kowa da irin abin da ke burge shi. Shekara na zagayowa suka maimaita gwajin da takardar lissafin siffofi, inda ake zaton amsa ɗaya ce tak. Tazarar ta ma fi faɗi, domin wani malami ya ba takardar ƙasa da 30, wani ya ba ta sama da 90.

Wannan sakamako ya zo a daidai lokacin da makarantun Amurka ke cika maƙil da 'ya'yan baƙin haure da na ma'aikatan masana'antu. Frederick Kelly, wanda ya yi digirinsa na uku a kan saɓanin makin malamai, shi ya kawo mafitar da ta zauna. A tsakanin 1914 da 1915, yana aiki a kwalejin horar da malamai ta Emporia a jihar Kansas, ya tsara jarrabawar karatu wadda yaro zai karanta gajeren bayani ya zaɓi amsa daga cikin waɗanda aka jera masa. Mai maki ba ya bukatar sanin darasin, jerin amsoshi kawai zai riƙe. Abu biyu Kelly ya nema: kowa ya samu awo iri ɗaya, kuma a gama da wuri.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da wannan dabara babbar sana'a. A 1917 rundunar sojan Amurka, ƙarƙashin jagorancin masanin halayyar ɗan Adam Robert Yerkes, ta soma gwada sababbin sojoji da irin waɗannan tambayoyi, har aka gwada kimanin mutum miliyan 1.7. A 1926 aka fara jarrabawar SAT ta shiga jami'a a kan wannan salo. Ke nan tambayoyin canki-canka sun girmi kwamfuta da shekaru masu yawa, kuma taron jama'a ne ya haife su.

Fensir da lantarki

Da zarar amsa ta zama harafi ɗaya, ƙirƙirar injin da zai duba ta ya zama abu mai yiwuwa. Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio ya nuna wani ɗan inji a tsakiyar shekarun 1920, mai taga da ke nuna tambaya da madannai huɗu da ma'ƙirgi da ke lissafa amsoshin daidai. Hujjarsa ita ce a raba malami da aikin gajiya domin ya samu lokacin koyarwa ta haƙiƙa. Injin bai yi kasuwa ba, karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta ƙarasa shi.

Wanda ya yi nasara wani malamin sakandare ne a jihar Michigan mai suna Reynold Johnson. Ya lura cewa baƙin da ke cikin fensir yana ɗaukar lantarki, don haka inji zai iya gane gurbin da ɗalibi ya cike. Kamfanin IBM ya sayi dabarar ya ɗauke shi aiki, kuma a ƙarshen shekarun 1930 aka fitar da injin makin jarrabawa mai lamba 805. A tsakiyar shekarun 1950 E. F. Lindquist na Jami'ar Iowa ya ƙera wanda ke karanta takarda da haske, mai sauri ninkin-ba-ninkin. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar WAEC ko JAMB da fensir HB, yana cike gurbi a hankali yana gudun ya haura layi, da jikokin waɗannan injuna ya yi hulɗa.

Suka ma ba ta jima ba ta biyo baya. A 1962 Banesh Hoffmann, masanin lissafi da ya taɓa aiki tare da Albert Einstein, ya wallafa littafi mai suna The Tyranny of Testing, inda ya nuna cewa tambayar zaɓi da ba a tsara da kyau ba tana cutar da ɗalibi mai zurfin tunani, wanda ke hango gaskiya a amsa fiye da ɗaya, tana kuma saka wa mai haddar sama-sama. Har yau ba a kawo amsar wannan ƙorafi da ta wuce a kyautata tambayar ba.

Mataki na gaba shi ne a cire takardar gaba ɗaya. Tsarin PLATO da aka fara a Jami'ar Illinois a 1960 ya nuna cewa ɗalibi zai iya amsa tambaya kai tsaye a fuskar kwamfuta. A farkon shekarun 1990 jarrabawar GRE ta neman shiga digiri na biyu ta fara komawa kwamfuta, ana yin ta kwanaki da yawa a shekara. A ƙarshen 1994 kamfanin Kaplan mai koyar da shirin jarrabawa ya tura ma'aikatansa suka zauna ta, kowa ya haddace abin da ya gani, suka haɗa, suka nuna wa hukumar ETS cewa tambayoyin suna maimaituwa sosai. Hukumar ta dakatar da jarrabawar na ɗan lokaci, ta rage ranakun yin ta, ta kuma maka kamfanin a kotu. Darasin ya fito fili tun a lokacin: jarrabawar da ba a yi wa kowa a sa'a guda ba, amincinta yana rataye ne a kan girman rumbun tambayoyinta.

Daga ɗalibai 104 zuwa dubbai a kwas ɗaya

Jami'a a Najeriya da wani tsari ta fara mai nisa da wannan. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 da ɗalibai 104, tana ba da digirin Jami'ar Landan, kuma masu duba jarrabawa na can suna da hannu a tambayoyi da maki. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Oktoban 1962 da ɗalibai 426. A irin wannan adadi malami ya san ɗalibansa da suna, jarrabawa kuwa doguwar maƙala ce ta sa'o'i uku, wadda wani malami daga wata jami'a zai zo ya sake dubawa.

Abubuwa uku suka rushe wannan daidaito. Na farko faɗaɗar da aka yi a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya kawo sababbin jami'o'i bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilorin. A 1978 aka kafa JAMB domin a daina barin kowace jami'a tana yin tata jarrabawar shiga, abin da ke sa ɗalibi ɗaya ya samu gurbi a wurare da yawa wani ya rasa. Na biyu kwasa-kwasan gama-gari, waɗanda Jami'ar Nsukka ta fara tun farkon shekarun 1960 da shawarar Jami'ar Jihar Michigan, suka kuma zama wajibi a ko'ina bayan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya a 1989. Kwas irin na amfani da Ingilishi ko tarihin al'ummomin Najeriya kowane ɗalibi zai yi shi, daga mai karatun likita har mai karatun shari'a. Na uku matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986, wanda ya kori malamai da yawa zuwa ƙetare a daidai lokacin da ɗalibai ke ƙaruwa.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya ratsa jami'a a wancan zamani. Sakamako yakan yi watanni bai fito ba. Takardar ɗalibi takan ɓata ya maimaita kwas ba da laifinsa ba. Malamai da yawa kan raba takardun kwas guda, kowa da nauyin hannunsa, wato matsalar Starch da Elliott ta dawo a wata ƙasa. A wasu wurare kuma damar da mai jan biro ke da ita ta zama hanyar neman kuɗi ko cin zarafin ɗalibai mata. Duk mai son ya yi wa jarrabawar kwamfuta adalci sai ya tuna abin da ta zo ta tarar.

Ƙofar da aka shigo ta ita

A 2005, zamanin da Chinwe Obaji take ministar ilimi, aka ba jami'o'i izinin sake tantance waɗanda suka ci JAMB, saboda an daina amincewa da makin da wasu ke zuwa da shi. Nan take kowace babbar jami'a ta samu kanta da dubun-dubatar masu neman shiga da za ta gwada cikin 'yan kwanaki, ta kuma fitar da sakamako kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Ta wannan ƙofa kwamfuta ta shigo. Jami'ar Ilorin, lokacin da Farfesa Is-haq Oloyede yake shugabanta tsakanin 2007 da 2012, tana cikin na farko-farko da suka mayar da tantancewar kan kwamfuta, sannan suka faɗaɗa zuwa kwasa-kwasan da ke da cunkoso. Dalilin faɗaɗawar a bayyane yake, domin ɗakin da aka cika da na'urori saboda aikin mako guda ba za a bar shi a rufe sauran shekara ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ita ma ta mayar da jarrabawar aji ɗaya da aji biyu kan kwamfuta, ta bar manyan azuzuwa a kan biro da takarda.

JAMB ta bi sahu a zamanin Farfesa Dibu Ojerinde. A 2013 aka ba masu zama zaɓi uku: takarda da fensir, ko karanta tambaya a takarda a amsa a kwamfuta, ko kwamfuta zalla. A 2015 aka rufe sauran hanyoyin. Koke-koke sun yi yawa a shekarun farko, musamman a kan yaran karkara da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Bayan Oloyede ya karɓi ragamar hukumar a 2016, aka shigo da jarrabawar gwaji, aka kuma tsara yadda ɗalibi zai yi komai da madannai takwas kacal, huɗu na amsa, sauran na gaba da baya da miƙawa da komawa. Daga nan duk wanda ya shiga jami'a ya riga ya taɓa zama gaban na'ura ko da sau ɗaya, kuma hujjar da ta rage wa masu jan ƙafa a tsangayoyi ta raunana.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da manhajar jarrabawa ke buƙata daga malami kaɗan ne a ido: jerin tambayoyi, kowace da zaɓi huɗu da alamar amsar daidai. Abin da awo na gaskiya ke buƙata ya fi haka nesa ba kusa ba.

Aikin yana farawa da taswirar jarrabawa. Malami zai jera batutuwan da ya koyar, ya ƙayyade tambaya nawa kowane zai samu gwargwadon lokacin da aka ba shi a aji, sannan ya raba tambayoyin bisa zurfi. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka bambance tuna abu da fahimtarsa da aiki da shi da tsettsefe shi. Tambayar tuni ita ce mafi sauƙin rubutawa, shi ya sa malamin da aka ce ya kawo tambaya ɗari uku kafin Juma'a zai cika su da shekaru da sunaye da ma'anonin kalmomi. Tambayar da ke gwada fahimta sai an kawo wani yanayi da ɗalibi bai gani a takardun darasi ba, a ce ya zartar da ƙa'ida a kansa, kuma guda ɗaya tana iya cin rabin sa'a.

Amsoshin tarko, wato ukun da ba daidai ba, su ne ƙashin bayan tambayar. Tarko mai kyau daga kuskuren da ɗalibai suka saba yi ake ɗauko shi, kuma malamin da ya daɗe yana karanta takardu shi ya fi kowa sanin waɗannan kurakurai. Idan biyu daga ciki shirme ne da kowa zai gane, tambayar ta koma kan ko wutsiya. Ɗalibai kuma sun daɗe da gano cewa amsar da ta fi tsawo galibi ita ce daidai, saboda malami yakan ƙawata gaskiya da sharuɗɗa ya bar ƙarya tsirara.

Akwai lissafin da ya kamata kowane jami'in jarrabawa ya riƙe. A tambaya ɗari masu zaɓi huɗu, ɗalibin da ya san amsar 20 kawai, ya yi canki-canka a sauran 80, a matsakaicin lissafi zai dace da 20 daga cikinsu. Jimilla 40 ke nan, wanda shi ne makin tsira a jami'o'i da yawa. Makin tsiran da aka gada daga zamanin maƙala, inda wanda bai sani ba sifili yake samu, ba ya nufin abu ɗaya idan aka ɗora shi a kan tambayoyin zaɓi.

Sai batun rukuni-rukuni. A ɗauka kwas yana da ɗalibai 3,000, cibiya kuma tana da kwamfuta 250, wanda shi ne adadin da JAMB ke nema kafin ta amince da cibiya. Rukuni 12 ke nan, daga safe har dare ko har washegari. 'Yan rukunin farko suna fitowa tambayoyin sun shiga WhatsApp. Maganin da aka saba shi ne manhaja ta zaɓo wa kowa nasa tambayoyin daga rumbu, amma hakan yana buɗe wata ƙofar: wani zai dace da masu sauƙi, wani ya faɗa wa masu tsauri, a kuma jera makinsu a takarda ɗaya kamar awo ɗaya aka yi musu. Gyaran shi ne a kasa rumbun bisa batu da tsauri, a umarci manhaja ta ɗebo adadi iri ɗaya daga kowane kaso. Hakan ba ya yiwuwa sai rumbun ya ninka abin da ɗalibi ɗaya zai gani sau da yawa.

Ragowar aikin na tsare-tsare ne, amma a nan jarrabawa ta fi lalacewa. Jerin waɗanda suka yi rajistar kwas dole ya dace da na cikin manhaja kafin ranar, in ba haka ba ɗalibi zai tsaya a ƙofa na'ura ba ta san shi ba. Malamin Hausa sai ya duba da idonsa cewa ɓ da ɗ da ƙ ba su rikiɗe zuwa akwatuna ba, domin tambayar da ke bambance baki da baƙi ta mutu idan ƙugiya ta ɓace. Haka malamin Larabci da na lissafi, kowa da haruffansa da alamominsa. Sai janareta da man da zai kai dare, da tabbatar da cewa manhaja tana adana kowace amsa nan take yadda ɗaukewar wuta ba za ta share aikin ɗalibi ba, da tanadi ga makafi da sauran masu buƙata ta musamman, da littafin da mai sa ido zai rubuta lambar duk na'urar da ta tsaya da lokacin da ta tsaya. Satar jarrabawa ma ta sauya mazauni. A da ɗakin buga takardu ake tsaro, yanzu hannayen da fayil ɗin tambayoyi ke ratsawa daga ofishin malami zuwa cibiyar kwamfuta, da sojan gona da ke zama a madadin wani.

Abin da na'ura ke faɗa bayan an tashi

Babbar ribar jarrabawar kwamfuta ita ce wadda aka fi yin watsi da ita. Manhaja tana riƙe da zaɓin kowane ɗalibi a kowace tambaya, don haka malami yana iya jarraba jarrabawar kanta. Awo na farko shi ne kashi nawa suka ci tambayar. Wadda kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi ba ta bambance komai ba. Awo na biyu ya fi muhimmanci: a ware waɗanda suka fi kowa maki da waɗanda suka fi kowa ƙasa, kashi 27 cikin ɗari daga kowane ɓangare kamar yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939, a ga wane ɓangare ya fi cin tambayar. Idan raunana sun fi haziƙai cin ta, kusan ko yaushe ɗayan biyu ne, ko an saka alamar daidai a kan amsar da ba ita ba, ko tambayar tana da fuska biyu irin wadda Hoffmann ya yi kuka da ita. Layi ɗaya da ya goce a jadawalin da aka loda yana iya juya amsoshin tambayoyi da yawa, kuma wannan bincike na sa'a guda zai tona shi kafin sakamako ya je gaban kwamitin sashe.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna girman kuskuren da ba a kama da wuri ba. Da JAMB ta saki sakamakon shekarar, fiye da mutum miliyan 1.5 daga cikin kusan miliyan biyu sun samu ƙasa da maki 200 cikin 400. Bayanin da aka fara yi shi ne an toshe hanyoyin satar amsa, gaskiyar ɗalibai ta fito. Iyaye da makarantu suka ƙi yarda, suna nuna yaran da tarihin karatunsu bai yi kama da makin da aka ba su ba. A ranar 14 ga Mayu Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, cikin hawaye, ya amsa cewa an samu matsala: wani gyara da aka yi wa manhaja bai isa wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke kula da cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas ba, don haka ba a yi wa amsoshin maki daidai ba. Mutum 379,997 aka ce su sake zama. Hukumar da ta fi kowa ƙwarewa a wannan aiki a ƙasar ke nan, kuma matsin lambar jama'a ne ya sa aka koma aka duba. Kwas ɗin gama-gari a wata tsangaya ba shi da 'yan jarida da za su tsaya masa, ɗalibin da na'ura ta kayar bisa kuskure sai dai a ce masa kwamfuta ba ta ƙarya.

Abin da ya rage wa biro

Ko da an tsara tambayoyin zaɓi yadda ya kamata, akwai abin da ba sa gani. Ba sa nuna ko ɗalibi zai iya gina hujja daga farko zuwa ƙarshe, ko ya rubuta sakin layi da zai tsaya da ƙafarsa, ko ya warware lissafi mataki-mataki yadda za a ga inda ya kauce. Lauya da ɗan jarida da injiniya da likita duk da rubutu suke cin abinci. Tunanin na'ura ta yi wa maƙala maki tsoho ne, Ellis Page ya gabatar da shi tun 1966, amma bai zama abin dogaro a jami'o'in Najeriya ba. A ɗaya ɓangaren, aikin gida da ake ba ɗalibi ya rubuto, wanda shi ne mafakar rubutu a kwasa-kwasan da suka koma kwamfuta, ya rasa ƙarfinsa tun bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Sannan a 2024 WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zama masu zaman kansu, alamar cewa sakandare ma ta kama hanya.

Saboda haka rabon da NOUN ta yi tun farko yana da ma'ana: kwamfuta ga manyan azuzuwan farko inda ake auna faɗin sani, biro ga azuzuwan sama inda ake auna zurfi. Ko a aji ɗaya, kaso 30 ko 40 na maki da ake warewa gwajin cikin zango yana iya ɗaukar gajeren rubutu a aji, a gaban malami, ko da shafi ɗaya ne, a raba wa ƙananan malamai tare da ma'aunin maki guda. Amfanin wannan ya wuce ɗalibi, domin daga nan malami ke sanin kurakuran da zai gina amsoshin tarko da su a shekara mai zuwa.

Dokokin jami'a ba su canja ba a kan wanda ke da alhakin maki. Malamin kwas ne ke sa hannu a takardar sakamako, sashe ya duba, tsangaya ta duba, majalisar malaman jami'a ta amince. A zamanin jan biro mai duba jarrabawa daga waje yakan zaro takardu kaɗan daga dami ya karanta, ya ga ko makin ya dace da amsa. Kwatankwacin wannan a yau shi ne shugaban sashe ya nemi abu uku kafin a karɓi sakamakon kowane kwas da aka yi a kwamfuta: taswirar da aka gina tambayoyin a kanta, da rahoton yadda kowace tambaya ta yi aiki, da matsakaicin makin kowane rukuni daga na safe zuwa na dare. Duk ukun suna cikin abin da malami da cibiyar kwamfuta suka riga suka mallaka, fitar da su kawai ake buƙata kafin ranar taron.